Man Kirfa da Hannun Rosemary

Sallama gare ku masu leƙo wannan shafi. Da yawanku kun turo mini saƙo kuna tambaya, wai Mashkura me ya sa kika yi shiru da maganar bikinki, bayan ke da kanki kika sa mana hoton akwatunan lefe? Ba wulaƙanci ba ne. Rasa ta inda zan fara na yi. Yau dai na turo ƙofar ɗakina na zauna, zan faɗa muku abin da ya faru yadda ya faru. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata talatin da ɗaya, ni ce auta a gidanmu, kuma ni kaɗai na rage ban yi aure ba. Muna zaune a Lugbe, nan Abuja, a gidan da Baba ya gina kafin ya yi ritaya daga ma'aikatar tarayya. Kimiyyar sinadarai na karanta a Zariya, digiri na farko da na biyu, kuma binciken digirina na biyu a kan kirfa na yi shi. E, wannan ɓawon itacen da kuke jefawa a shayi. 'Yan uwana har yau dariya suke mini, wai na shekara bakwai a jami'a don na koyi haɗa kayan shayi.

Sai na ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya shiga tsakanina da Nazeer ba. A cikin ɓawon kirfa akwai mai, shi ke ba ta ƙamshin nan da ɗan zafi-zafin da kuke ji a harshe. Masu yin biskit da sabulu da turare suna nemansa. Hanya mai sauri ta fitar da shi ita ce a jiƙa garin kirfar a wani sinadari da ake kira hekzen. Ruwa ne fari tas mai warin fetur. Shi zai tsotse man, sai a ɗumama shi ya tashi ya bar abin da ake so. Amma mutumin da ke shaƙarsa kullum a rufaffen ɗaki, a hankali yake cin jijiyoyinsa, daga yatsun ƙafa da na hannu yake farawa. Ragowarsa kuma ba abin zubarwa a kwata ba ne.

Ni tawa hanyar ruwa ce zalla. A niƙa kirfa, a jiƙa ta, a saka a wani bahon ƙarfe da ke girgiza ruwan da sauti mai ƙarfi har ɓawon ya saki jiki. Daga nan sai a tura tururi ya ɗebo man, a sanyaya shi. Man kirfa ya fi ruwa nauyi, ba ya tasowa sama kamar man gyaɗa, ƙasan kwalba yake kwanciya, ɗigo bayan ɗigo, launinsa kamar zuma. Ruwan da ya rage yana da ƙamshi, masu sabulu na karɓa. Dusar kuma taki ce. Ba a zubar da komai, ba wanda ke shaƙar guba. Aibinta dai tana da jinkiri, tana cin wuta, kuma man da ake samu bai kai na waccan hanyar yawa ba.

A wani bajekolin ƙananan masana'antu na haɗu da Nazeer, shekara biyu da suka wuce. Ina tsaye bayan ɗan teburina da kwalabe uku, sanye da abaya baƙa da mayafi ruwan hoda, ƙafafuna sun gaji da takalmi mai tsini. Ya zo cikin shadda ruwan toka, ɗinkin tazarce, hularsa a ɗan karkace. Duk mazan da suka tsaya a teburina ranar lambar waya suka fara tambaya. Shi kuwa ya buɗe kwalba, ya shinshina, ya ce, “Malama, buhu ɗaya yana ba ki lita nawa?”

Wallahi tambayar nan ce ta fara kayar da ni. Lambar wayar sai da zai tafi ya karɓa.

Yana da ƙaramin kamfani a tsakanin Idu da Karmo, yana sayo kirfa buhu-buhu daga dilolin Kano yana fitar da mai. Bai ɓoye mini ba, ya ce da hekzen yake aiki, kuma ransa ba ya so. Ya sayi bahon, ya sayi tukunyar tururi, ya gyara mini ɗaki mai fararen tayil a gaban ginin, ya ce ni ce shugabar wurin. Tsohon ɗakin da ke can baya kuwa, a gabana ya sa masa kwaɗo, ya miƙo mini makulli. Na tuna abin da ya ce: “Riƙe, Mashku. Daga yau ruwa kawai.”

Ku faɗa mini, wace mace ce ba za ta so mutumin da ya ɗauki abin da kowa ke mata dariya a kai ya gina masa ɗaki ba?

A gida kuwa, Mami ta fi ni son sa. In ya zo ba ya zama a kujera, kan kafet yake naɗe ƙafa a gaban Baba. Shi ke kai Baba asibiti duba hawan jini duk ƙarshen wata, ya jira shi a layi. Mami ta daina sunkuyar da kai a gidan biki in an tambaye ta labarin auta. Da aka kawo lefe, sai da ta kira yayata Bilkisu a Kaduna ta riƙa lissafa mata atamfofi ɗaya bayan ɗaya, har kuɗin wayarta ya ƙare. An sa rana. An fitar da anko, leshi ruwan goro da gwaggwaro ruwan zinariya. Sati biyar ya rage lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru.

Akwai wata ma'aikaciyarmu, Rosemary, 'yar Binuwai, ta kusa shekara arba'in. Mijinta ya rasu, tana riƙe da 'ya'ya biyu a Karmo. Tun zamanin tsohon ɗaki take kamfanin, da aka rufe shi sai aka dawo da ita wajen zuba mai a kwalba da manna takarda. Mace ce mai fara'a, Hausarta irin ta Abuja, mace da namiji duk “ka” ne a wurinta.

Ranar wata Alhamis da hantsi na miƙa mata tulun gilashi mai ɗauke da man da muka tara na kwana huɗu. Na ga ta sa hannu biyu ta karɓa. Na juya ke nan na ji tas a ƙasa. Mai ya malale a kan tayil, ƙamshi ya cika ɗakin har ido na yaji.

Ta durƙusa tana tsince gilashin da hannu. “Anti, ka yi haƙuri. Ka yi haƙuri, Anti. Hannun ne bai ji ba.”

“Bari, za ki yanke,” na ce, na kamo hannunta.

Ashe ta riga ta yanke. Jini na bin tafin hannunta har gwiwar hannu, ita kuma ba ta ma sani ba, sai da ta ga ina kallo. Na ja ta wajen famfo. A nan na lura da abu biyu. Silifas ɗinta ƙafa ɗaya ne a ƙafarta, ɗayan yana can bakin ƙofa, ta taho ta bar shi ba ta ji ya fita ba. Na biyu kuma, da na sunkuya ina ɗaure mata hannu, a ƙarƙashin ƙamshin kirfar na ji wani wari a zaninta. Warin hekzen, wanda na sani tun ina ɗaliba.

Na ce, “Rosemary, tun yaushe hannunki yake haka?”

“Ya daɗe kaɗan. Sanyi ne, Anti. Ina shan magani.”

Ba ta yarda ta haɗa ido da ni ba. Da aka tashi na zagaya baya. Kwaɗon yana nan yadda yake, har ya yi tsatsa. Na gaya wa kaina tsohon ciwo ne, tun na da. Amma wari ba ya shekara a zanin da ake wankewa. Na san haka, na dai ƙi yarda ne.

Da yamma saƙon Nazeer ya shigo wayata ta BB. “Amarya, albishirinki. Mutanen Legas ɗin nan masu fitar da kaya waje sun amince. Lita arba'in a wata. Takarda ɗaya ta rage, zan kawo miki ranar Lahadi ki sa hannu ki buga hatiminki.” Ya bi shi da hoton zuciya guda uku.

Na daɗe ina kallon “lita arba'in” ɗin nan. Injinana in wuta ta zauna, janareta bai ba da matsala ba, lita takwas suke bayarwa a wata. Na rubuta, “Daga ina arba'in za ta fito?” Na goge. Na rubuta, “Masha Allah.” Na tura. Ina jin kunyar wannan har yanzu.

Ranar Asabar na ce wa Mami zan je wajen tela a Wuse. Na sa doguwar rigar atamfa da hijabi, na bar motata a gida, na shiga tasi, daga baya na hau keke zuwa Karmo. Wanda ya san Abuja ta manyan tituna da gine-ginen da ke tashi kullum kamar ana shuka su, in ya shiga Karmo sai ya ɗauka wata ƙasa ce. Lunguna ƙanana, kwata a buɗe, rufin kwano an danne da duwatsu, mai gasa masara nan, mai cajin waya can, lasifikar coci da ta masallaci suna fuskantar juna. Sai da na tambayi mutum huɗu kafin na samu ɗakinta.

Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa da doya a gabanta. Ta danne doyar da gwiwa, ta riƙe wuƙa da dunƙulen hannu kamar mai riƙe taɓarya, tana ƙoƙarin ferewa. Da ta gan ni ta so ta miƙe da sauri, ƙafar ta ƙi, ta dafa bango.

“Anti, me ya kawo ka nan? Oga ya sani?”

“Bai sani ba. Zauna.” Na karɓi wuƙar na ci gaba da feraye doyar, don hannuna ya samu abin yi. “Rosemary, ni ba 'yar sanda ba ce. Ki faɗa mini gaskiya saboda Allah. Ɗakin baya yana aiki?”

Ta bari har na gama rabin doyar. Sannan ta fara magana a hankali, tana kallon ƙasa. Wata biyu kawai ɗakin ya yi a rufe. Da kaya suka yi ƙaranci, aka fasa wata ƙofa ta bayan katanga, ɓangaren da ke kallon Karmo. Su uku ne mata. Suna shiga da sassafe su fito kafin na iso ƙarfe tara, sai kuma Asabar da Lahadi wuni guda. Ranar ma yankan hannun ne ya hana ta zuwa. An toshe tagogin da kwali da leda don kar warin ya zagayo gaba na ji. Ragowar sinadarin kuma a kwatar baya suke juyewa, wadda ke gangarawa rafin da mata ke wanki.

“Oga ya ce kar Anti ya sani. Ya ce zai ɓata maka rai.”

Na ajiye wuƙar. Wato tagogin nan saboda ni aka toshe su. Da ban zo kamfanin ba, da aƙalla iska na shiga ɗakin. Wannan tunanin ne ya fi komai ci mini rai, har yau kuma bai sake ni ba.

“Sauran biyun fa?”

“Ɗaya ƙafarsa ya fara. Ɗaya yana da ciki, wata biyar.”

Na ce ta shirya ranar Litinin zan kai ta asibiti wajen likitan jijiya, kuma kar ta sake taka ɗakin nan. Sai ta kamo gefen hijabina da hannun nan mai bandeji.

“Anti, abeg, don Allah. Kar ka yi faɗa da Oga. Oga ba mugu ba ne, shi ne ya saka yarana a makaranta. In aikin Legas ya lalace, kamfani zai rufe, mu ina za mu je? Ka sa hannu kawai. Ni zan daure.”

Na je ne da niyyar ceton ta, ga shi ita ke roƙona na bar ta a ciki. A keke na yi kukana, mai keken yana ta leƙena ta madubi.

Ranar Lahadi bayan la'asar Nazeer ya zo. Farin yadi ya sa, yana ƙamshin turaren da na saya masa. Mami ta sa an share falo, an kunna turaren wuta, ta kawo masa kunun aya mai sanyi da dambun nama a farantin da ba ta fitarwa sai baƙi na musamman. Ni na sa wata atamfa shuɗiya, ban yi kwalliya ba, ko kwalli.

“Amarya ba ta da lafiya ne?” ya ce yana murmushi. Ya zaro takarda daga jaka ya ɗora a kan tebur, ya ɗora biro a kai.

Na ɗauka na karanta. Shaida ce cewa ni, ƙwararriyar mai ilimin sinadarai mai rajista, na tabbatar duk man kirfar kamfanin da ruwa da tururi aka fitar da shi, babu wani sinadari. Ƙasa akwai wurin sa hannu da wurin hatimi.

Na ce, “Na je gidan Rosemary jiya.”

Murmushin bai ɓace nan take ba, a hankali ya sauka. Ya ajiye kofin. Bai musa ba, wannan kam zan ba shi.

“Na san wata rana za ki sani,” ya ce. “Na so ya zama bayan na gyara.”

“Wata takwas, Nazeer. Kullum ina shiga ina fita da makulli a jakata kamar wata sakarya.”

“Mashku, saurare ni. Hanyarki ita ce daidai, ban taɓa shakka ba. Amma lita takwas ba ta riƙe mutum ashirin da ke cin abinci a wurin nan. Dizal kaɗai ya isa ya kashe mu. In wannan cinikin ya tabbata, wata shida kawai, zan kawo babban inji irin naki, mai ba da hamsin. In rushe ɗakin can da hannuna. Rosemary kuma ni zan kai ta asibiti, duk abin da za a yi a yi.”

“Wata shidan su waye za su shiga ɗakin?”

Ya sauke ido kan takardar.

“Akwai mai ciki a cikinsu. Ka sani?”

“Zan cire ta. Zan buɗe tagogi, zan sayo abin rufe hanci.”

“Ka kira mutanen Legas ka ce takwas muke iya bayarwa yanzu. Ka faɗa musu gaskiya, wataƙila su jira.”

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. “Ba ki san kasuwa ba. Akwai mutum goma a bayana da za su ce suna da arba'in, kuma ba wanda zai tambaye su. Kowa a garin nan haka yake yi kafin ya tsaya da ƙafarsa.” Ya matso, ya rage murya. “Ban taɓa roƙonki komai ba. Sa hannu ne kawai. Don mu nake yi, ni da ke.”

Abin da ke ba ni haushi da kaina shi ne, a lokacin nan ma son sa nake. Na kalli idonsa na ga gajiya, na ga tsoro, na ji kamar na ɗauki biron na huta. Amma in na rufe ido silifas ɗin nan nake gani a bakin ƙofa.

Na tura masa takardar. “Ba zan iya ba.”

Ya daɗe yana kallona. Ya naɗe takardar ya mayar jaka, ya miƙe. A bakin ƙofa ya ɗaga murya ya yi wa Mami sallama da ladabinsa na kullum, ya fita. Ko dambun bai taɓa ba.

Ashe Mami na bayan labulen kicin, ta ji komai. Motarsa ba ta gama fita layi ba ta shigo.

“Auta, me na ji kina yi?”

“Mami, mutane ake cutarwa.”

“Ba na ji ya ce zai kai ta asibiti ba? Ba na ji ya ce wata shida ba? Ke ce za ki gyara duniya?” Ta zauna a hannun kujera. “Shekara nawa ina amsa tambayar mutane a kanki? An raba kati. Yayyenki sun ɗinka anko. Yaron nan ya riƙe mahaifinki kamar shi ya haife shi. Sai yanzu ki watsa mana ƙasa a ido saboda takarda?”

“In na sa hannu ƙarya na shaida, Mami.”

“Ai sai ki yi istigfari. Wa ya taɓa yin aure bai haɗiye wani abu ba?”

Baba yana ɗakinsa, ƙofa a buɗe, carbi a hannunsa. Na san ya ji. Da na zo wucewa ya kira ni. Na durƙusa. Ya ce, “Shekara talatin da biyu na yi a ofis, na sa hannu a abubuwan da har yau in na tuna ba na jin daɗin abinci. Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kar ki yi ba. Amma ki lallaɓa mahaifiyarki, ta fi ki jin tsoro.” Bai ƙara ba.

Ranar Litinin na kai Rosemary asibiti da motata. Likita ya soka mata allura a tafin ƙafa, tana kallon silin ba ta motsa ba. Ya ce in ta daina shaƙar abin yanzu, akwai fatan wani ɓangare ya dawo, amma a hankali, kuma ba zai yi alkawarin duka ba. Daga can na wuce kamfani, na ajiye makullan duka biyu a teburin Nazeer, na ɗakina da na kwaɗon banza. Ba ya nan. Na tsaya na ɗan kalli bahona da tukunyata, na kashe fitila na fito.

Litinin shiru. Talata shiru. Na tura masa saƙo, BB na nuna ya karanta, ba amsa. A gida Mami ta daina yi mini magana sai dole, amma ba ta daina shirin biki ba. Masu ɗinki na zuwa, ana auna labule, ana maganar mai abinci. Na ɗauka ƙarfin hali ne kawai irin na uwa.

Ranar Laraba da azahar ina ninke kaya wata baƙuwar lamba ta kira ni. Mace ce, da Turanci, murya a natse. Ta ce sunanta Madam Angelina, daga kamfanin Legas. Ta ce takardar shaidata ta iso, sun gode, komai ya yi daidai, sa hannu da hatimi. Za ta zo Abuja ranar Alhamis ta sama da ƙarfe goma don ta ga wurin da idonta, kuma tana so ni na zagaya da ita tunda sunana ne a kan takardar.

Na ce ta ba ni minti biyar, zan kira ta.

Sa hannuna ba wuyar samu ba ne, yana kan takardun ofis da yawa, mai son kwaikwaya zai iya. Amma hatimi guda ɗaya ne, kuma ba ya kwana a ofis. Na jawo durowar madubina. Ga 'yan kunnena, ga fasfo, ga katin bikin. Ƙaramar jakar fatar da nake saka shi a ciki tana nan, ba komai a cikinta.

Na samu Mami a kicin tana tsince shinkafa a tire. Na ɗora jakar a gefen tiren. Ba ta ɗago ba.

“Ni na ba shi,” ta ce. “Ranar Litinin, kina asibiti. Bai ma tambaya ba, ni na kira shi. In zunubi ne a kaina yake, ba a kanki ba. Kin ga ke ba ki sa hannu ba, aurenki kuma yana nan.”

“Mami, sunana ne a jiki. In abin ya fito ni za a kama.”

“Ba zai fito ba in kin yi shiru.” Sai a lokacin ta ɗago. Idonta ya yi ja. “Auta, ki yi shiru. Sau ɗaya a rayuwarki, ki yi mini shiru.”

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, tsakanin akwatunan lefe da suka cinye rabin ɗakin. In na yi magana, kamfani zai iya rufewa, Rosemary da ta roƙe ni ta rasa abinci, Nazeer ya shiga hannun hukuma, kuma in aka bi sawun hatimin, a kicin ɗinmu za a tsaya. In na yi shiru, gobe da sassafe wata mace za ta shiga ɗakin can da sunana a kan ƙofarsa.

Wayar ta yi ƙara. Nazeer ne, bayan kwana uku. “Na san kin ji. Ki yafe mini. Ki zagaya da ita gaba kawai, sauran ki bar mini. Ina son ki, Mashku.”

Na karanta sau biyu. Na nemo lambar Madam Angelina. Ta ɗauka a bugu na biyu. Ina jin takun Mami ta taho ta tsaya a bakin ƙofata.

Na ce, “Madam, ki zo ranar Alhamis ɗin, zan tarbe ki. Amma kar ki zo ƙarfe goma. Ki zo ƙarfe bakwai na safe, kuma kar direbanki ya bi ta babban get. Ki ce ya shigo ta Karmo.”